Igiyar Fayil a Ƙarƙashin Jif Ɗina

Duk wanda ya bi ta hanyar kamfanonin fata a Challawa ranar wata Talata, makonni uku da suka wuce, ya ga wani dattijo ya naɗe ƙafar wando yana tsaye cikin ruwa a gefen wata tsohuwar jif, to ni ne, Labaran. Na ga dariyar da kuka yi ta tagar bas, kuma na yafe muku, don da ni ne a cikin bas ɗin da tawa dariyar ta fi taku ƙarfi.

Ramin da na faɗa ba baƙona ba ne, mun daɗe da sanin juna. Sau uku manya suna zuwa da rumfa da kujeru da makaɗa su ƙaddamar da aikin hanyar nan, kowane zuwa kuma a kafa sabon allo kusa da tsohon. Allunan suna nan garau, ko tsatsa ba su yi ba, dole mutum ya yaba wa wanda ya samu kwangilar allo. Ramin ma yana nan, kowace damina yana ƙara faɗi da zurfi, har masu adaidaita sahu suka daina shiga wajen da zarar ruwa ya sauka.

Abin da ya sa motata take da daraja ke nan. Mai ɗakina Sauda tana sayar da abinci a ƙofar wani kamfani can ciki, ni kuma tun da masaƙar da nake wa aiki a Sharaɗa ta rufe na zama direbanta, ba albashi, sai dai a tsamo mini tsokar da ta fi girma a miya. Kullum sha biyun rana muke loda kuloli takwas, shinkafa da wake, da tuwo da miyar kuka, da taliya da manja. Ƙarfe ɗaya ake sakin ma'aikata, minti talatin gare su. Wanda bai ci a cikin minti talatin ɗin nan ba zai koma gaban inji da yunwarsa har magariba. Da abincin nan muke ci mu ma, da shi 'yarmu Nafisa take karatun jinya.

Motar kuwa a gwanjo na saye ta shekara uku da suka wuce, daga wata ma'aikata da ba zan faɗi sunanta ba saboda ina son zaman lafiya. Takardar da aka ba ni ta ce: giyabos ya mutu, gyara ba zai yiwu ba. Ga hatimi, ga wani sa hannu mai doguwar jela. Ranar gwanjon babu wanda ya ɗaga hannu a kanta sai ni, na ce addu'ar mahaifiyata ce take bi na har yanzu. Da na sa makulli ta tashi, na sa giya ta motsa, sai na ce to ai wannan mutuwar da sauƙi.

Amma tafiyarta sai ita. Idan za ta tashi daga tsaye sai ta yi nishi tukuna, ta yi tunani, sannan ta ja jiki kamar mai ciwon baya. Idan kuma ta ɗau hanya na ɗan taka totur, sai inji ya kama ihu har mutane su riƙa waiwaye. Mai kuwa ba shan sa take yi ba, kwankwaɗa take yi. Ni ban taɓa riƙe otomatik ba kafin ita, duk rayuwata mota mai kuloci na sani, don haka na ɗauka haka Allah ya yi su. Maƙwabcina Malam Kamilu, wanda bai taɓa tuƙa ko keke ba amma babu abin da bai sani ba, ya tabbatar mini.

"Motar manya ce, Malam Labaran," ya ce. "Ka taɓa ganin babba yana gaggawa?"

Na ce ban taɓa ba, sai ranar rabon filaye.

To ranar Talatar nan tun bayan asuba nake layin mai, a gidan man da aka ce mana a rediyo babu layi a cikinsa. Sha ɗaya da rabi na samu, na zo muka loda abinci a gurguje. Da muka iso ramin na shiga a hankali yadda na saba, na taka don ta haura ɗaya gefen, inji ya yi ruri, mota ta tsaya cak. Na sake takawa. Sai wani ƙauri ya taso daga ƙasa, irin na tuwon da aka manta a kan wuta. Sauda ta dube ni, ni kuma na dubi sitiyari.

Kafin minti biyar likitoci sun taru. A garin nan idan motarka ta tsaya ba za ka rasa shawara ba. Wani ya ce a tura ta da gudu in saki kuloci, na ce ba ta da kuloci, ya dube ni da tausayi kamar na ce ba ta da uba. Wani ya ce in zuba mata man birki a cikin giya, wai haka ubangidansa yake yi. Na tambaye shi ina motar ubangidan nasa yanzu, ya ce tana wajen masu awon ƙarfe. A ƙarshe wasu ma'aikata shida da suka gaji da jiran abinci suka biyo hanya suka same mu, suka shiga ruwa suka turo mu waje. Ɗaya da minti ashirin da biyar muka buɗe kula ta farko. Mutane suka ci a tsaye, wasu suka dunƙula tuwo a leda suka koma ciki.

Mai kula da ma'aikata ya kira Sauda gefe ya gaya mata magana ɗaya: idan aka sake makara sau ɗaya, za a ba wata mai abincin wurin. Sauda ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Sai da muka iso gida ta gama wanke kuloli ta ce, "Baban Nafisa, ko dai ka kai ta inda za a duba ta, ko ka nemo mana jaki."

Washegari ta yi hayar wata a-kori-kura, ni kuma na lallaɓa zuwa garejin Mustapha a Sharaɗa, bayan wani kamfanin roba. Mustapha mutum ne mai furfura a gemu, shekara ashirin ba ya taɓa komai a mota sai giyar otomatik, kuma ba ya son a gaya masa ciwon mota kafin ya tambaya. Na fara jawabi, ya ɗaga mini hannu.

"Baba Labaran, yaushe rabonka da duba man giya?"

"Kullum da safe ina dubawa, kafin in tayar da ita."

"To kullum da safe ƙarya take maka."

Ashe man giya ba a duba shi kamar baƙin mai. Sai mota ta yi zafi, a tsayar da ita a inda ƙasa take a daidaice, inji yana aiki, a taka birki a bi da sandar giya ta kowane gida a dawo da ita wurin fakin, sannan a zaro gejin, wato ƙarfen awon man. Haka ya yi. Ya goge shi a farin tsumma ya miƙo mini. Ya ce lafiyayyen mai ja ne kamar zoɓo. Idan ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai a fara salati. Nawa ya yi baƙi-baƙi, yana ƙauri. Ya ce ruwa bai shiga ba, man kuma bai ragu ba, wahala ce kawai ta dafa shi.

Daga nan ya karɓi makulli muka zaga ta bayan kamfanoni. Ya kashe rediyo, ya ce in yi shiru. Ya tashi daga tsaye, ya taka, ya saki, ya sake takawa, yana karkata kai kamar mai sauraren maganar da ake yi a ɗaki na gaba. Ya tsaya ya sa ribas, motar ta ja baya da ƙarfinta. Ya sake sawa. Ya ce, "Hmm."

Idan makanike ya ce hmm, gabana faɗuwa yake yi, don yawanci bayan hmm ɗin ne ake ambaton sabon giyabos daga Legas.

"Sau nawa ka ji ta canza giya tun da muka fito?" ya tambaye ni.

"Canzawa take yi?"

Ya daɗe yana kallona. Muka koma gareji.

Ya ɗora ta a kan rami, ya tsiyaye man, ya kwance kaskon da ke ƙasan giyar. A cikin kaskon akwai wani ɗan maganaɗisu, ya nuna mini shi. Ya ce giyar da ta ci kanta, a nan ake ganin ɓarɓashin ƙarfe, wani lokaci har da haƙori. Nawa ba komai sai ɗan baƙin gari mai laushi. Ya canza matatar mai, ya mayar da kasko, ya zuba sabon mai, ya goge hannu.

"Cikinta lafiya lau," ya ce. "Wanda ya rubuta ta mutu bai buɗe ta ba, ko kuma ya buɗe ya rufe bakinsa. Saƙo ne ba ya isa gare ta."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Irin wannan motar tana da 'yar na'ura da take gaya wa giya yanzu ki shiga ta ɗaya, yanzu ta biyu, kuma ta waya take aika saƙon. Idan wayar ta katse, sai giyar ta maƙale a ta uku, don mai mota ya samu ya lallaɓa zuwa gareji. Shi ya sa tashi yake mata wuya, gudu kuma ya sa ta ihu.

"Don tafiyar yini ɗaya aka yi dabarar," ya ce. "Kai ka lallaɓa shekara uku."

Ya duba fis ɗin wuta, lafiya. Ya sake shiga ƙarƙashi da tocila yana bin wayoyi da yatsa. Can sai na ji dariya tana fitowa daga ramin, dariyar mutumin da ya ci karo da tsohon sani.

"Baba, sauko ka gani da idonka, kada ka ce na ƙara gishiri."

Na sauka da ƙyar. A gefen giyar akwai wani soket da ya kamata a ce yana cikin gidansa. Ba ya ciki. Kuma ba faɗowa ya yi ba. An zare shi, an naɗe bakinsa da leda, an bi ledar da baƙin salatif tsaf-tsaf don kada ruwa ko ƙura su taɓa shi, an toshe gidan ma haka, sannan aka ɗaga shi sama aka ɗaure a jikin wani ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Abin da aka ɗaure shi da shi kuwa igiyar fayil ce, irin koriyar nan mai ɗan ƙarfe a kowane baki da ake ɗaure takardu da ita a ofis.

"Wanda ya yi aikin nan yana ƙaunar motar nan," in ji Mustapha. "Na ga irinsa ya fi sau goma. A zare soket, mota ta fara rarrafe, a rubuta ta mutu, a kai ta gwanjo, yaron oga ya ɗaga hannu shi kaɗai. Washegari a kawo mini ita a ce in duba ko akwai abin da ya saki. Kai dai ranar nan wani abu ya tsare yaron oga."

Sai na tuna. Ranar gwanjon an rufe hanya awa biyu saboda ayarin wani Mai Girma zai wuce, ni a ƙafa na ƙarasa. Allah ya saka wa masu jiniya da alheri, ban taɓa sanin suna da amfani ba sai ranar.

Mustapha ya warware ledar, ya hura soket ɗin, ya mayar da shi gidansa, ƙas. Igiyar kuma na karɓa na sa a aljihu, don in nuna wa Sauda.

Jama'a, da na hau titi na taka totur, motar ta yi tsalle gaba har hulata ta faɗa kujerar baya. Kafin in gama mamaki sai na ji wani ɗan motsi a ƙarƙashina, na taka birki da sauri, na ɗauka wani abu ya karye. Ashe giya ce ta canza. Ban ɓoye muku ba, sai da idona ya kawo ruwa. Shekara uku ina zagin baiwar Allah a zuci, ina ce mata raguwa, ashe ɗaure ta aka yi. Ranar Alhamis sha biyu da minti arba'in muna ƙofar kamfani, ramin nan ta haure shi ko nishi ba ta yi ba. Sauda ta samu lokacin shimfiɗa tabarma har da jera cokula. Da yamma ta tsamo mini tsoka biyu.

Malam Kamilu ya ɗauki labarin ya kai majalisar ƙofar masallaci, ya kai wajen mai shayi, ya kai gidan suna. A bakinsa shi ya gano ciwon tun da daɗewa, kunya ce ta hana shi faɗa. Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta san Labaran ya sayi matacciyar mota ta tashi.

Ana cikin haka sai ga sanarwa a rediyo. An yi sabon Mai Girma a ma'aikatar nan da ban faɗi sunanta ba, ya leƙa gareji ya tarar babu komai sai tayoyi da kaji. Ransa ya ɓaci, ya kafa kwamitin binciko motocin da aka sayar bisa kuskure. Duk wanda ya sayi mota a gwanjonsu cikin shekara biyar ya kawo ta Bompai ranar Asabar. Wadda aka samu matacciya da gaske, mai ita ya tafi da abarsa. Wadda aka samu da rai, an sayar da ita bisa kuskure, ta koma hannun hukuma. Kwana biyu bayan nan takarda ta iso har gida da sunana da lambar motata. A ƙasar da takardar fansho take shekara ba ta gane hanyar gidan mutum ba, wannan ko tambaya ba ta yi ba.

Ba mota, ba Challawa. Ba Challawa, ba abinci, ba makarantar Nafisa. Malam Kamilu ya zo jaje da wuri.

"Ka kai ta ƙauye ka rufe da kara," ya ce. "Ka ce an sace."

"Malam Kamilu, in rantse a kan ƙarya da furfurata?"

"To ka je ka gaya musu gaskiya, ka nuna musu igiyar."

"In nuna wa wa? Ka san ko mai igiyar ne a kan kujera?"

Ya ce shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Sauda tana tsintar shinkafa tana jin mu. Da ya fita ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baban Nafisa, yaya suka ba ka motar?"

"Tana rarrafe."

"To yadda suka ba ka ita, haka za ka kai musu. Gyaran naka ne, ba su suka sayar maka da shi ba. Ka bar shi a gida."

Na juya maganar ta kowace fuska ban ga inda ta karkace ba, amma duk da haka raina bai so ba. Ni da nake cika muku kunne a wannan fili na jarida da zagin masu zare soket, ga ni ranar Juma'a bayan masallaci a garejin Mustapha da leda da salatif da koriyar igiya a hannu. Bai tambaye ni komai ba. Ya karɓa ya shiga rami. Da ya fito ya ce shi gyara ya koya, ɓatawa ba fanninsa ba ne, in yi haƙuri idan naɗin bai yi kyau ba.

Asabar da safe na rarrafa zuwa Bompai. A harabar wani rufaffen kamfani aka tara mu. An ce ƙarfe takwas, kwamiti ya iso sha ɗaya, cikin motoci masu baƙin gilashi waɗanda na tabbata ba a taɓa sayar da su bisa kuskure ba. Motocin da suka amsa kira sun kai arba'in. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ga mai rabon burodi, ga tsofaffin ma'aikata, ga wata hajiya mai kai ruwan leda shaguna. Manyan jif-jif ɗin da muka gani a jere ranar gwanjo, masu sheƙi, waɗanda aka ce duk sun mutu, ko ɗaya ba ta zo ba. Wataƙila takardarsu tana hanya.

Wanda ke gabana a layi wani tsohon malamin makaranta ne daga Hotoro, Malam Yahaya. Ya ba ni labari muna jira. Bas ya saya babu inji a cikinta sam, ya shekara biyu yana haɗa ta ƙarfe-ƙarfe, yanzu da ita yake kai yaran unguwa makaranta. Ya wanke ta tas saboda zuwan nan, har da turare, wai kada a ce bai riƙe kayan hukuma da mutunci ba. Aka ce ya tayar. Ta tashi da murɗa ɗaya, inji yana kaɗawa sumul. Mai Girma Shugaban Kwamiti ya gyaɗa kai daga ƙarƙashin rumfa, aka rubuta tana da rai, aka karɓi makulli. Malam Yahaya ya ce injin nasa ne, ga rasit. Aka ce ya rubuto ƙorafi. Ya shiga ya ɗauko ɗan matashin da yake jingina bayansa da shi, ya koma gefe ya tsaya. Na ji kunyar haɗa ido da shi.

Sai aka kira lambata.

Mai duba motocin wani Injiniya ne, mutum mai tsafta, cikin farar shadda. Duk motocin da suka wuce daga nesa yake saurarensu, hannu a baya. Da ya zo kan tawa sai ya tsaya. Ya dubi lambar, ya zagaya ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya ɗan jima. Ya karɓi makulli ya zaga harabar da ita, ta yi masa nishinta da tunaninta da ihunta, ba ta rage komai ba. Na fara samun numfashi.

Amma Mai Girma Shugaba ya riga ya taso daga kujera. Ya leƙa ciki, ya danna kujerar da yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji kaurin ƙarfen.

"Injiniya, irin wannan jif ɗin ba ta mutuwa haka kawai," ya ce. "Shiga ƙarƙashinta ka duba mana da kyau."

Injiniya ya cire hula da agogo, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige. Ƙafafunsa kawai nake gani. Bai nemi tocila ba, bai yi lalube ba. Kai tsaye ya zarce gefen giyar, daidai wurin, kamar mai ɗauko takalminsa a ƙofar ɗakinsa. Na ji ƙarar leda. Na tuna kuloli takwas, na tuna Nafisa da farar rigarta ta makaranta, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abin da ya rage kawai ya tura soket ɗin nan, ƙas, a ce in tayar.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya karkaɗe shaddarsa, ya mayar da agogo, ya mayar da hula.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "giyabos ya mutu, gyara ba zai yiwu ba."

Shugaba ya ja tsaki ya koma inuwa. Injiniya ya cika fom a kan bonet, ya buga hatimi, ya sa hannu. Na karɓa na haɗa da tsohuwar takardar gwanjo da ke hannuna, sai idona ya faɗa kan sa hannun biyu. Jela ɗaya ce, tsawo ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Sai a lokacin na gane. Idan motar nan ta tashi yau, tambaya ta gaba ita ce wa ya ce ta mutu shekara uku da suka wuce.

Ya miƙo mini makulli, ya matso kusa kamar zai yi mini sallama, ya rage murya.

"Baba, wanda ya naɗa maka ledar nan bai iya ba, ruwa zai shiga. Na sake naɗa maka. Kuma ka riƙa canza mata mai a kan lokaci, ba ta son wasa da mai."

Na ce na gode, don ban san me ake cewa ba.

A bakin ƙofa na tarar da Malam Yahaya yana jiran adaidaita da matashinsa a hammata. Na tsaya na ce ya shigo in kai shi Hotoro. Muka tafi a giya ta uku, inji yana ihu. Sai da muka kusa gidansa ya ce, "Taka fa, me suka ce?"

"Sun ce ta mutu."

"Barka," ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa. "Allah ya sa ka daɗe kana morar ta."

Da zai sauka ya tambaye ni ko na san inda ake kai takardar ƙorafi. Na ce ban sani ba. Ya ce ba komai, ranar Litinin zai fara gaya wa iyayen yara su nemi wata motar. Na bi shi da kallo har ya shige gida, ban ji daɗin nasarata ba ko kaɗan.

Ranar Litinin ɗin sha biyu da minti arba'in muna ƙofar kamfani, ni da Sauda da kuloli takwas. Yadda aka yi matacciyar mota ta kai mu a kan lokaci, wannan kuma ikon Allah ne. Idan Mai Girma Shugaban Kwamiti yana karanta wannan fili, ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Ina da takarda biyu masu hatimi da suka ce motar nan ta mutu, kuma ni ba a haife ni in yi jayayya da hukuma ba.